'Yan Tsaki a Rufaffen Ɗaki

Bari in ba ka misali da wata mata mai kiwon kaji, a wani gari na kan tudu inda sanyin damina ke ratsa ƙashi. Sanyi ya taɓa kashe mata 'yan tsaki ɗaki guda, tun daga nan ta ɗauki karan tsana ta ɗora wa iska. Da za ta zuba wasu, sai ta sayo na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gas. Mai sayarwa ya ja mata kunne, ya ce farkon kunnawa ƙarfen da sanyi yake, wutar ba ta cinye gas ɗin sosai, sai ta riƙa fitar da wata muguwar iska marar launi marar wari. A bar tagogi a buɗe har harshen wutar ya bar ja ya koma shuɗi, ko bayan nan ma a bar 'yar kafa. Ta ce to. A ranta kuwa cewa ta yi wannan bai taɓa kwashe gawar kaji da kwando ba.

Ranar da aka kawo 'yan tsakin, tun safe ake yayyafi. Baiwar Allah ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta taɓa wannan ta ji ƙafarsa da sanyi, ta ɗaga wancan ta ga yana rawar ɗari, kukansu kuwa har cikin ranta. Ta lulluɓe tagogi da leda, ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ko ramin ɓera ba ta bari ba. Sannan ta kunna na'ura. Wuta ta kama ja tana lilo, ita ko kallo ba ta ishe ta ba, ɗumi kawai take jira. Da kanta ya fara sarawa sai ta ce gajiya ce, ta fito ta ja ƙofa ta datse. Ta ɗora tukunya ta manta gishiri, ta dawo ta kasa kunne, ta koma, ta sake dawowa. Can ta ji kukan ya lafa, daga baya ya ɗauke ɗif. Daɗi ya kama ta, ta ce, "Alhamdulillahi, sun ji ɗumi sun yi barci." Da ta buɗe ƙofa don ta zuba musu ruwa, ɗakin ya yi ɗumi yadda take so, 'yan tsakin kuma suna zube ko ɗaya ba ya motsi. Ta durƙusa tana juya su ɗaya bayan ɗaya, jikinsu duk da ɗumi.

Shi ya sa Hausawa ke cewa an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.