Wa Ya Cinye Kan Kifin?

Kwana biyar ke nan abinci ya ƙi wuce mini, kuma duk a kan waƙa.

Kun san waƙar nan da ta cika Argungu da Birnin Kebbi, wadda ana tsakiyar kiɗa sai wata mata ta ɓarke da masifa, "Wa ya cinye kan kifin?" Ba bikin da ba a sa ta. Ni tun ranar farko na tsani matar. A gidan sunan Sharifa maƙwabciyata, gaban mata sun fi talatin, na ce muryarta ta akuya ce, kuma da ji ba ta samu tarbiyya ba. Aka yi dariya, suna ya bi ta. Yanzu unguwarmu kowa Akuyar Kifi yake ce mata.

Ran Lahadi mai shirin waƙoƙi a rediyo ya ce abin da muke ɗauka ganga ce a waƙar, ashe daka ne a fasasshen turmi. Na ce ku ji, ko turmin kirki ba ta da shi. Ya ce mawaƙin ba ya nuna fuska, ita ma matar ba wanda ya san ta. Duk wanda ya kawo ta gidan rediyon zuwa ran Asabar, firji sabo dal.

Ni ko zoɓo nake sayarwa, firjina ya mutu tun azumi.

Sai na kira ɗana Izzuddeen, mai gyaran waya a Gesse. Yana da kirki, sai dai mantuwa, tun da ya zo Sallah nake roƙonsa sabon turmi. Na ce, "Kai da ka san 'yan situdiyo, binciko min akuyar nan."

Sai ya ce, "Inna, mi kika ce mata?"

"Akuya. Ƙarya na yi?"

Ya kashe waya. Jim kaɗan saƙon murya ya shigo, babu kiɗa, sai daka kawai. Matar ta yi masifarta, amma wannan karon ba a yanke ƙarshen ba: "Wa ya cinye kan kifin? Izzuddeen, aje wayar nan, da kai nake!"

Jama'a, gobe Asabar. In je in amshi firjina, ko in bar akuyar a ɗaure a gida?