Sau Biyar a Sakan Ɗaya

Ƙarfe biyu da kwata, layin da ke allon kwamfuta bai daina rawa ba.

Hajiya Daidai, kamar yadda 'yan ajinsu na digiri na biyu a fiziks suke kiranta, ta sake danna maɓalli, awo na goma sha ɗaya ke nan tun safe. A takarda aikin ba wuya. Hasken leza ya bugi madubi biyu, a ɗumama guntun ƙarfe, a auna miƙewar da zai yi, wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba. Kamata ya yi layin ya hau sumul. Nata kuwa mako uku ke nan yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, sau biyar a kowane sakan.

Dakta mai duba aikinta ya riga ya yanke hukunci, da muryar nan tasa ta hanci: in ƙarfe huɗu ta buga babu sakamako mai tsabta a teburinsa, sai baɗi. "Malama, ni fa ba na sa hannu a kan tsutsa."

Ba wanda ba ta zarga ba. Ta kashe fanka, ta zauna tana jiƙewa da gumi cikin doguwar rigarta. Ta sa an tura firij zuwa baranda. Ta liƙa takarda a ƙofa cewa a taka a hankali. Akwai wata 'yar ajinsu mai takalmi ƙwas-ƙwas da har yau ba sa gaisawa.

Sai shekaranjiya ta lura da wani abu. Na'urar tana ɗaukar awo ko da kowa ko babu, kuma kullum in ta dawo daga cin abinci, sai ta tarar layin tsakanin ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya fito tas. Su wa ke ajiye aiki ƙarfe ɗaya? Maginan da ke ɗora bene a bayan taga.

Yau kam sai ta tattare riga ta nufi wajen shugabansu, ta yi masa bayanin madubi da girgizar ƙasa har numfashinta yana sarƙewa. Mutumin ya saurara baki buɗe, ya ce shi dai siminti ya sani, amma tunda karatu ne, daga ƙarfe uku za su ajiye guduma na rabin awa.

Uku daidai, duniya ta yi tsit. Ta ja kujera ta manne da teburin, ta yi bisimilla, ta danna.

Layin ya haukace fiye da kullum.

Ta duba wayoyin na'urar ɗaya bayan ɗaya. Ta duba agogo. Ta ciji biro har ya fashe. Awo ɗaya minti ashirin yake ci, ga uku da rabi tana ƙaratowa.

Nan Baba mai kula da ɗakin gwaji ya shigo da kofin shayinsa. Shekara talatin yana goge madubin nan, kullum yana cewa shi lissafinsu ciwon kai yake sa shi. Ya dubi allo, ya ajiye kofin a gefen tebur, ya tsura wa shayin ido. Can ya ɗan sunkuya, ya ɗago.

"'Yata, danna sabo, ki je bakin ƙofa ki tsaya."

Ta fara cewa ba ta da lokacin wasa, ya nuna mata ƙofar da haɓa. Ta danna, ta tafi tana ƙunƙuni.

Daga can ta hango allon. Layin ya miƙe, yana hawa a natse, ko gezau.

"Baba, me ka taɓa?"

"Ni? Shayina kawai. Ke dai kada ki matso sai ya gama."

Ta bi inda idonsa yake kallo, ta sunkuyar da kai. Ƙarƙashin doguwar rigar, ƙafarta ta dama, wadda ta yi mako uku jingine da ƙafar teburin, tana nan tana kaɗawa, sau biyar a sakan.