An Rufe wa Injiniya Hotunan Biki

Kwamfutar ta sake gaya masa cewa ba shi da izinin buɗe hotunan bikin ƙaninsa. Shi fa! Shi da ya haɗa kwamfutocin gidan nan da hannunsa, har ya sa dangi suke ce masa injiniya, alhali ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa gani ba.

Ya kashe, ya kunna. Ya zare waya ya hura mata iska. Ya canja lambar sirri, ya zagi na'urar intanet, daga bisani ya ɗora laifin kan sabis ɗin Nijar da ke tsallakowa Daura. Abin haushin, ga ƙannensa can a tsakar gida suna kallon hotunan a tasu kwamfutar, suna ta shewa.

Ya fito yana gyara hula. "Na gano matsalar. Ƙwayar cuta ce ta shiga."

"Ba cuta ba ce, Yaya," in ji ƙanwarsa. "Inna ce ta sa na rufe maka."

Mahaifiyarsu tana kan tabarma tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Bara da aka sakar maka hotunan gidan nan, duk hoton da tumbinka ya fito sai da ka goge shi. A ɗaya daga ciki marigayi mahaifinku ne zaune kusa da kai, yana dariya. Hotonsa ke nan kaɗai da muke da shi."

Ta watsar da tsakuwa.

"Yanzu in na yi kewar mijina, katin zaɓensa nake ɗaukowa."