Baƙon da Selam Ta Kawo

Ka taɓa shafe shekaru kana nuna wa mutane ƙofar shiga gari, sai wani ya zo jiya-jiya ya riga ka shiga?

Duk Asabar, a laburaren unguwarsu da ke Columbus, Yemane ke tara sababbin zuwa yana koya musu zaman Amurka. Kada ka matse wa mutum in kuna magana. Kada ka taɓa jikin kowa. Kada ka je gidan mutum ba ka buga waya ba. In sun yi maka murmushi ba abota ba ce, haka fuskarsu take.

Tun da ya baro garinsu Asmara bai karya ko ɗaya daga cikin ƙa'idojin nan ba. Duk da haka maƙwabciyarsa Doreen ba ta riƙe sunansa ba, hannu kawai take ɗaga masa daga cikin mota.

Sai matarsa Selam ta kawo Oskar. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauko shi daga Meziko, ba shi da kowa.

"A ina zai kwana?" in ji Yemane.

"A falo mana. Haba maigida, dubi yadda ya rame!"

Oskar bai iya kalma ɗaya ta Turanci ba, bai kuma damu ya koya ba. Kowa ya gani sai ya je ya manne masa. Ya faɗa farfajiyar Doreen ba sallama, maimakon ta kira 'yan sanda sai ta fito masa da naman kaza. Kafin wata ya ƙare, mai kawo wasiƙu ya san sunansa. In sun fita tare da Yemane, mutane su tsaya su rungume Oskar, shi kuwa Yemane yana gefe kamar sandar fitila.

A gida ma haka. Selam da ba ta taɓa raka mijinta yawon yamma ba, kullum tana waje da baƙon. Har rigar sanyi ta saƙa masa.

Abin da ya ƙure Yemane shi ne ranar da Doreen ta leƙo ta katanga ta ce, "Selam, ranar bikin godiya ku zo mu ci talotalo. Ki taho da Oskar fa! Mijinki ma ya zo in yana so."

In yana so!

Washegari Selam na wurin aiki, Yemane ya wangale ƙofar baya. "To, ɗan gari, ga hanya. Tunda kowa naka ne, je ka su riƙe ka."

Oskar ya dube shi, ya fice.

Kafin la'asar labarin ɓatan Oskar ya bazu, unguwa ta cika falon Yemane, ba wanda ya buga waya. Doreen ta kama hannunsa tana hawaye. "Yemane, ka yi haƙuri, za mu same shi." Ta faɗi sunan daidai.

Selam kuwa da ta dawo daga aiki, ta dubi ƙofar baya, ta dubi mijinta. "Ni na kulle ta da safe. In bai dawo ba, kai ma ka nemi wurin kwana."

Yanzu haka Yemane yana bin tituna a ƙasa, muryarsa ta dishe. Don Allah, in kana arewacin Columbus, ka taimaki auren bawan Allah nan, ka leƙa bayan gidanka ko za ka ga wani jan kare mai rigar sanyi.