Ƙarshen Kaset

"Baba, kaset ɗin nan ya ji jiki," in ji mai lasifika. "Ina da sabbi daga Funtuwa. Bikin ɗiyarka guda, a sa wannan?"

"Sa dai."

Ya sa. Kalangu ya fito a shaƙe, kamar daga cikin rijiya. Bikin wasu ne a Sheme, shekarar da rikoda ta fara shigowa garin. Mai lasifika ya kai hannu zai kashe, tsohon ya riƙe shi.

"Ba kiɗan nake so ba. Jira."

Kiɗa ya tsaya. Sai guɗa ta tashi, doguwa, siririya, ta cika zauren. Tsohon ya daɗe yana duban ƙasa.

"Uwar amaryar gobe ce, mai ɗakina. Duk ɗiyar da aka kai ɗaki a garin nan, ita ta yi mata guɗa. Da tana da rai, kunyar ɗiyar fari ba za ta bari ta yi wa tata ba."

Ya share ido da hannun riga.

"Gobe in an fito da yarinyar, ka ƙure muryar. Kuma kada ka ce ni na kawo."