Ɗinyar da Muka Dasa a Kufena

Ina da shekara tara birai suka cinye masarar Baba a gonarsa ta gindin Kufena. Da la'asar ya kai ni wurin, riƙe da 'yar bishiyar ɗinya a gwangwanin madara. Mutanen unguwarmu sun shirya dasa itatuwa, ko birai sa samu abin ci su bar gonaki.

Na ce, "Baba, su da suka yi mana ɓarna?"

Ya ce, "Mu muka fara sare musu daji. Zuba ruwan a hankali."

Har yau ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan. Bara Baba ya rasu. Ƙanena ya ce ɗinyar ta girma, birai na kwana a kanta, in zo in gani. Na ce masa to. Ban je ba tukuna.