Naman Laraba

Kwana huɗu da binne ƙanwata Laraba, Mama ta koma fasa dutse a Mpape, ina zaune gefenta. Shekarata tara. Ta naɗe yatsunta da robar tayar keke saboda guduma, har yau ina jin warin robar nan cikin rana.

Da safe na ji wata 'yar zumuntar matan cocinmu tana cewa Allah ba ya ɗauke yaro haka kawai, akwai zunubi a gidan. Ni kuwa na taɓa cinye naman Laraba, na ce kyanwa ce.

Na faɗa wa Mama maganar naman, na ce, "Mama, ni na jawo?"

Ta ajiye guduma. "Ashe kai ne ɓarawon? Na daki kyanwar mutane a banza!" Ta share mini majina da bakin zaninta. "Yesu naman wa ya sata aka buga masa ƙusa? Ba horo ba ne, ɗana. Ya san zafin, yana ciki tare da mu. Miƙo min ruwa."

Yanzu na haura shekara arba'in, na binne mutane da yawa, har da ita. Na gaji, ba ƙarya. Amma ban sake tsayawa bakin kabari ina neman mai laifi ba.